Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Lafiya ta Duniya da masu ɗaukar nauyin binciken magunguna, a kan maganin da haske ke tayarwa

Zuwa ga shugabannin Hukumar Lafiya ta Duniya, da jagororin CARB-X da GARDP, da duk wata gidauniya da ke zuba kuɗi a neman maganin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin shekaruna na aiki a wankin ciwo suka ƙare. Ban taɓa haɗa sinadari ba. Abin da na iya shi ne kwance bandeji, in duba launin audugar, in ji warin, in san ko ciwo gaba yake yi ko baya. Da wannan ɗan sanin nake rubuto muku.

Akwai wani dattijo mai ciwon suga da na yi wa wankin gyambo a tafin ƙafa kusan wata uku. Da farko ramin bai fi bakin kwalba ba. Kullum da safe in na ɗaga audugar sai in tarar ta rine da kore-kore, ga wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi da duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san na ƙwayar cutar Pseudomonas ne. Aka ɗebi ruwan ciwon aka kai ɗakin gwaji. Takardar da ta dawo jerin magunguna ne a hagu, a dama kuma harafin R, wato ƙwayar ta bijire, tun daga sama har kusan ƙasa. Guda ɗaya ya rage, shi ma mai taɓa ƙoda ne, ga shi ƙodar dattijon dama ba ƙwari gare ta ba. Aka ba shi, muna auna fitsarinsa kullum da fargaba. Ran nan yana kallon ƙafar sai ya ce da ni, “’Yata, ga ciwon nan muna ganinsa da idonmu, ya aka yi magani ya kasa kai wa gare shi?” Na ce, “Baba, jinin da zai kai maganin ne ba ya isa wurin sosai.” Bayan mako biyu aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Tambayar tasa ba ta bar ni ba. Ciwo a fili, ido na kai wa gare shi, hannu na kai wa, amma mun dogara da magani ya bi ta jijiya, ya ratsa hanta da ƙoda da hanji, ya kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin ciki, kafin ɗan abin da ya saura ya isa ƙafar da hanyoyin jininta suka tsuke. Duk inda ido ya kai, haske ma yana kaiwa. Shi ya sa lokacin da na fara karanta labarin sinadaran ƙarfe da ake shafawa a ciwo, su zauna lafiya lau ba su cutar da komai ba har sai an haska musu fitila, na kasa ajiye zancen.

Alƙaluman kun fi ni saninsu, don haka ba zan daɗe a kansu ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Rahotonku na Hukumar Lafiya na 2024 ya ƙirga magunguna 97 da ake gwadawa a kan mutane, amma cikin 32 da aka nufi ƙwayoyin da kuka sa a jerin masu haɗari da su, 12 kaɗai za a iya kira sabbi na gaskiya. A watan Satumba na wannan shekarar ƙasashen duniya suka yi alkawari a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Kun kuma ga abin da ya sami kamfanin Achaogen, wanda aka amince da sabon maganinsa a 2018, ya karye a 2019. Rijiyar da muka saba ɗiba tana ja baya, kowa ya shaida.

Dabarar haske ba baƙuwa ba ce, ta ma girmi fenisilin. A 1900, a birnin Munik na Jamus, wani ɗalibi mai suna Oscar Raab ya lura cewa rinin akridin yana kashe ’yan halittun ruwa da ake kira faramisiyam in akwai haske, a duhu kuwa ba ya yi musu lahani sosai. Malaminsa Hermann von Tappeiner ya bi sawun abin, aka gano cewa sai da iskar oksijin aikin ke yiwuwa. A 1903 Niels Finsen ya karɓi kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske a Kopenhagen. Daga baya fenisilin ya fito, mai sauƙin bayarwa kuma mai saurin aiki, aka jingine fitilar a lungu. Ban ga laifin mutanen wancan zamani ba. Amma Alexander Fleming da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa ƙwayoyin za su koyi jure maganin, kuma ga mu a ranar da ya faɗa.

Ga yadda abin ke aiki, gwargwadon fahimtata. Sinadarin yana shan haske mai wani launi, ya cika da kuzari, sai ya miƙa kuzarin ga iskar oksijin da ke kusa da shi. Oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama wani nau'i mai zafin rai da ke ƙona duk abin da ya taɓa: fatar ƙwayar cutar, furotin ɗinta, ƙwayoyin gadonta. Rayuwarsa gajera ce ƙwarai, a cikin ruwa ba ta wuce kashi uku zuwa huɗu cikin miliyan na daƙiƙa ba, don haka ba ya nisa, a inda aka haife shi yake ɓarna ya mutu. Ma'ana, ɓarnar tana tsayawa ne a wurin da sinadari da haske suka haɗu. Wannan ya fi komai burge ni a matsayina na mai wankin ciwo. Maganin da muke ɗurawa ta jijiya babu mai iya kiransa ya dawo, wannan kuwa makunninsa na hannunka, in ka kashe fitila aiki ya tsaya.

Maganin antibiyotik yakan nufi ƙofa ɗaya a jikin ƙwayar cuta, wani inzayim ko wani sashe na bangonta. Ta sauya kwaɗon ƙofar, ko ta ƙera famfon da zai fitar da maganin, shi ke nan ta tsira, ’ya’yanta ma sun tsira. Oksijin mai zafin rai kuwa ta ko'ina yake faɗa mata a lokaci guda. Shi ya sa a gwaje-gwaje da yawa ƙwayar Staphylococcus aureus da ta fi ƙarfin metisilin take mutuwa a ƙarƙashin haske kamar yadda ’yar'uwarta mai jin magani ke mutuwa.

To me ya kawo ƙarfe cikin zancen, tunda rini irin su metilin bulu ma suna wannan aikin? Ƙarfe mai nauyi irin rutiniyam ko iridiyam, in aka dasa shi a tsakiyar sinadari, yana sa kuzarin hasken ya daɗe a yanayin da zai iya miƙa shi ga oksijin, sai a samu aiki mai yawa da haske kaɗan. Ba ya saurin koɗewa kamar yadda rini ke koɗewa in an daɗe ana haska shi. Masu haɗa sinadari suna iya sauya rassan da ke kewaye da ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, su zaɓi launin hasken da zai tayar da shi, su zaɓi inda zai maƙale. Yawancin waɗannan sinadarai kuma suna ɗauke da cajin lantarki na fositif (+), fatar bakteriya kuwa tana ɗauke da kishiyarsa, don haka suna manne mata da wuri. Wannan muhimmi ne ga ƙwayoyin da ke da bango biyu, irin su Acinetobacter da Klebsiella da Pseudomonas, waɗanda su ne suka fi ba mu wuya a asibiti.

Na san akwai masu jin kalmar ƙarfe su tuna da gubar dalma. Tsoron yana da tushe, amma likitanci ya daɗe yana aiki da ƙarafa. Man azurfa da muke shafa wa masu ƙuna tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi. Bismut na cikin haɗin da ake yaƙar ƙwayar gyambon ciki da shi. Maganin kansar nan sisfilatin ma a kan bakteriya aka fara ganin ƙarfinsa, lokacin da Barnett Rosenberg ya lura a 1965 cewa sinadarin filatinam ya hana ƙwayoyin E. coli rabuwa, suka yi ta tsawo kamar zare. A 2020 kuma masu bincike na shirin CO-ADD a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka fitar da sakamakon gwajin sinadarai 906 masu ƙarfe. Kashi 9.9 cikin ɗari sun nuna ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta, alhali a cikin sinadaran da ba su da ƙarfe kashi 0.87 ne kawai. Ninki goma ke nan da ɗoriya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, hanyar nan ta riga ta shiga jikin mutane, amma ta ƙofar kansa. A 2017 Tarayyar Turai ta amince da Tookad, sinadari mai faladiyam da haske ke tayarwa, don kansar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Sinadarin TLD-1433 na rutiniyam, wanda Farfesa Sherri McFarland ta ƙirƙiro, ana gwada shi a kan masu kansar mafitsara: a ɗura shi ciki, a zura siririn zaren haske, a haska kore. Ina taya masu kansa murna da zuciya ɗaya. Amma in har ana iya zura haske cikin mafitsarar mutum, me zai hana a haska tafin ƙafar da ke buɗe a gabanmu? Amsar da nake zargi ita ce kasuwa. Maganin kansa yana mayar da kuɗin da aka kashe masa, maganin gyambo kuwa masu buƙatarsa galibi marasa ƙarfi ne. Giɓin da kasuwa ta bari ai shi aka kafa ku ku cike, CARB-X a Jami'ar Boston da GARDP a Jeniba, dukanku a 2016.

Ba daga sifili za a fara ba. A Babban Asibitin Vancouver na Kanada, tun 2011 ake shafa wa marasa lafiya metilin bulu a hanci a haska ja kafin tiyata, don rage ƙwayoyin da ke iya shiga wurin yanka. A Italiya an gwada wani sinadari mai zink a kan gyambon ƙafar masu suga. Likitocin haƙori sun daɗe suna gwada dabarar a dasashi. Fitilar ma ba ita ce matsala ba yanzu. Tun da Akasaki da Amano da Nakamura suka samar da fitilar LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su Nobel a 2014, haske mai launin da ake so ya zama abin da ƙaramin batir zai iya kunnawa.

Ba zan ɓoye muku raunin abin ba, don na ga yadda zuzuta sabon magani ke karya zuciyar majinyaci. Haske ba ya nisa cikin tsoka. Shuɗi bai cika wuce milimita ɗaya ba, ja yakan kai ’yan milimitoci. Cutar da ta shiga jini, ko ta kama ƙashi, ko ta bazu a huhu, wannan ba maganinta ba ne, kuma duk wanda ya ce zai maye gurbin antibiyotik gaba ɗaya bai faɗi gaskiya ba. Jini da mugunya da mataccen nama suna tare haske, suna kuma shanye oksijin mai zafin kafin ya kai ga ƙwayar, don haka sai an kankare ciwo an wanke shi tas tukuna. Sannan ƙwayoyin da ke tsohon gyambo ba a warwatse suke ba kamar na cikin kwalbar gwaji. Suna lulluɓe kansu da wani yauƙi mai danƙo, su zauna ciki kamar gari mai ganuwa, kuma a haka suna iya jure magani ninki ɗari ko fiye. Duk sinadarin da ba a gwada shi a kan wannan yauƙin ba, ni a wurina ba a fara gwada shi ba.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi irin ƙafar dattijon nan kai tsaye. Ƙafar da jini ba ya isa, oksijin ma ba ya isarta, aikin kuwa da oksijin yake tafiya. A nan ne ƙarfe ya sake nuna fifikonsa a kan rini. Akwai sinadaran rutiniyam da aka ƙera su riƙe wani magani gam, sai haske ya taɓa su su sake shi a wurin, ko da oksijin ko babu. An gwada haka a ɗakin bincike da maganin tarin fuka isoniyazid. Akwai na manganis da ke sakin iskar kabon monoksaid daidai kan ƙwayar cuta in an haska su. Akwai na galiyam, ƙarfen da ya yi kama da sinadarin ayon, wato baƙin ƙarfe, har ƙwayar mai yunwar ayon ta haɗiye shi da kanta. Yawancin waɗannan suna matakin kwalba da ƙananan dabbobi. Tsakanin wannan mataki da gadon asibiti akwai tafiya mai tsawo mai cin kuɗi, wadda ba ta kawo suna, kuma a nan ne yawancin sinadarai masu kyau ke maƙalewa.

Roƙona na farko a kan wannan tafiyar yake. Ku zaɓi kaɗan daga cikin sinadaran da suka fi nuna alama, ku ɗauki nauyin gwajin gubarsu yadda ya kamata, a san nawa ke shiga jini ta buɗaɗɗen ciwo, ina yake taruwa, ta ina yake fita. Sannan a kai su gwaji na gaskiya a kan mutane masu gyambon suga da ƙuna da ciwon kwanciya da wurin tiyatar da ya ruɓe. Kuma don Allah kada ma'aunin nasara ya tsaya a yawan ƙwayoyin da suka ragu awa ɗaya bayan haskawa. Mu abin da muke tambaya shi ne, ciwon ya rufe? A kwana nawa? Ƙafar ta tsira? An rage allurai? Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 masu ciwon a 2021. Masu gyambo a cikinsu ba za su yi wuyar samu ba.

Ke kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai aikin da ke kaɗai za ki iya. Antibiyotik yana da tsayayyun ma'aunai da ɗakunan gwaji suka sani, shi ya sa harafin R a takarda yake nufin kusan abu guda a ko'ina. Maganin haske ba haka yake ba. Wannan ya yi amfani da fitila kaza na minti kaza daga nisa kaza, wancan ya yi da wata, sai a rasa yadda za a gwama sakamakon biyu. A tara masana su tsayar da ƙa'ida: launin haske, ƙarfinsa, tsawon lokaci, irin ƙwayoyin da za a gwada. Su kuma warware wa masu ƙirƙira ruɗanin cewa abin nasu rabi magani ne rabi na'ura, don kowanne da tasa ƙofar neman izini. In babu wannan, abin da nake tsoro zai faru: a cika kasuwa da fitilu masu launi ana cewa suna warkar da komai, mutane su bar asibiti su bi su.

Tsoron nan yana da wani gefe. Haske rabi-rabi, wanda ya ji wa ƙwaya ciwo bai kashe ta ba, horo ne ake ba ta. An riga an ga a wasu ɗakunan bincike cewa Staphylococcus da aka yi ta haskawa kaɗan-kaɗan tana ƙara juriya. Saboda haka kalmar nan da ake yawan faɗa, wai ƙwayoyi ba za su taɓa bijire wa haske ba, a daina faɗinta da gadara. A sa ido tun ranar farko, kada mu maimaita abin da muka yi wa fenisilin.

A gwajin kuma a sa mutane masu kowane launin fata. Sinadarin melanin da ke sa fata duhu yana shan haske, musamman shuɗi da kore, yana mai da shi zafi. Adadin da ya yi daidai a gefen ciwon mai farar fata zai iya ƙona na mai baƙar fata, ko ya kasa ratsawa. Mun ga irin wannan da ’yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda bincike a 2020 ya nuna tana yawan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata, bayan an shafe shekaru ana dogaro da ita. Batun rana ma a duba shi. A 1913 wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wani sinadari mai jin haske, ya fita rana, fuskarsa da hannunsa suka kumbura. Masu karɓar Photofrin, wani maganin kansa da haske ke tayarwa, har yau ana ce musu su guji rana na aƙalla wata guda. Shafawa a ciwo ya fi allura sauƙi ta wannan fuskar, amma manomi ko mai aikin gini ba zai iya zaman ɗaki ba, dole a san abin da za a gaya masa.

Sai batun ƙarfen kansa. Rutiniyam da ake haƙowa a duniya a shekara bai wuce tan talatin da wani abu ba, iridiyam bai kai tan goma ba, kuma yawancinsu daga Afirka ta Kudu da Rasha suke fitowa. Gaskiya ne abin da ciwo ɗaya ke buƙata ɗan mitsitsi ne. Duk da haka ina roƙon ku ware wani kaso ga masu aiki a kan zink da tagulla da manganis da ayon, ƙarafan da ke ko'ina, ko da sun fi wuyar sarrafawa. Kuma duk wanda kuka ba kuɗi, ku rubuta a yarjejeniya tun farko cewa maganin zai jure zafi ba tare da firji ba, fitilar za ta yi aiki da batir, ma'aikacin jinya zai iya koyon aikin a ’yan kwanaki, farashin kuma zai zama wanda ƙaramin asibiti zai iya ɗauka. In aka bar waɗannan sai bayan an gama, ba za a yi su ba.

In kun tashi tsara gwajin, ku kira mu masu wankin ciwo mu zauna a teburin. Mu muka san minti nawa majinyaci zai iya riƙe ƙafarsa a sama, da yadda zafi ke sa shi janyewa, da yawan gadajen da mutum ɗaya ke zagayawa kafin azahar. Dattijon nan ya dawo bayan wata shida a kan keken guragu, ɗansa na tura shi. Ya cire safa ya nuna mini ɗayar ƙafar, akwai wani ɗan baƙin tabo a gefen babban yatsa, ya ce, “’Yata, duba mini wannan tun da wuri.” Na duba, na wanke, na naɗe da irin kayan da na naɗe ta farkon da su.

Ina jiran amsarku.

Taku cikin girmamawa,
wata ma'aikaciyar jinya mai wankin ciwo